Ɗankwalina a Cikin Jitarka

Sekondi,
Lahadi, bayan tashi daga coci.

Fiifi, hasken idona, gishirin miyata, inuwar kwakwata a tsakar rana, iskar teku da ke shigo mini ta taga lokacin da ƙurar alli ta gama shaƙe ni a aji! Fiifi mai yatsun zinariya da kan dutse, ruwan farko a kan rufin kwanona, masoyina, muradin raina, kuma babban wawan da Allah ya taɓa jarabtar mace mai hankali da sonsa!

Ina gaishe ka. Idan ka ga rubutun ya karkace, kada ka yaudari kanka cewa kuka nake yi. Kukan na gama shi jiya a kan turmi, ina daka barkono don in sami abin da zan ɗora wa laifi. Fushi ne zalla ya karkatar da shi.

Kwana goma sha ɗaya ke nan kana kewaya jita biyu, ja da baƙa, a ɗakinka. Ka ɗauki wannan ka ajiye, ka ɗauki waccan ka shafa, ka dube ni da idanun nan naka na ɗan akuya da ruwa ya kama a waje, ka ce, "Ewurasi, ban san wadda zan zaɓa ba." Ni za ka yi wa wannan? Ni da na shekara ashirin da shida ina koya wa 'yan mata yadda ake gano abin da marubuci ke nufi idan ya ƙi faɗa? Arhin, shugaban makaɗan nan, ya samo wa ƙungiyarsa aiki a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa, shekara uku, yana kuma son ka bi su. Ranar Talata da safe mota za ta kwashe su zuwa Accra. Ya ce jita ɗaya kowa zai ɗauka, ya kuma ce ba zai tafi da jar ba. Baƙar da ya ba ka ita ce takardar tafiya. Jar ita ce nan: garin nan, lambun otal na ranar Lahadi, da auren da ka je ka ƙwanƙwasa wa kawuna ƙofa dominsa da kwalbar giya biyu na al'ada a hannu, aka sa mana watan Disamba. Ka daina ce mini katako kake zaɓa.

Ba zan yi wa baƙar ƙazafi ba, don ni ba jahila ba ce. Na je ɗakin karatu na karanta duk abin da aka rubuta a kansu, kamar yadda mace ke binciken asalin wadda aka ce an ga mijinta da ita. Baƙar dunƙulen katako ce guda, babu rami a cikinta ko na shigar tururuwa. Ka taɓa tsirkiya ɗaya, sautin ya miƙe ya yi ta tafiya kamar layin dogo. Ba ta tsoron hayaniya. A jera mata lasifika har sama, a murɗa har ƙarshe, ba za ta ce komai ba sai abin da aka sa ta. A jefa ta cikin kaya, a zauna a kanta, gishirin teku ya yi ta lasarta, gobe za ta tashi ta yi aiki. Na yarda, jaruma ce. Amma ka zare mata waya ka gani. Gawa! Sai ɗan ƙis-ƙis kamar ɓera a cikin kwali. Duk muryarta aro ce daga bango.

Jar kuwa, kai ka san ta fiye da yadda ka san ni. Gungume ne a tsakiyarta yana riƙe da ita, amma gefe da gefe kogo ne, iska na kwana a ciki, ga tsaga biyu masu lanƙwasa a ƙirjinta da take numfashi ta nan. Shi ya sa sautinta ke da ɗumi kamar dokunu, tuwon masarar nan, da aka kwance daga ganye yanzu. Shi ya sa idan ka kaɗa mata tsirkiya da babban yatsa da manuni, irin kiɗan tsofaffinmu na gindin kwakwa, sai mutum ya ji kamar daga cikin haƙarƙarinsa abin ke fitowa. Tana da rauni, na sani. Ba ta son a buge ta, ba ta son damina, ba ta son a yi mata tsawa.

Ka tuna ranar da na fara jin ta? Ni ban manta ko ƙwayar yashi ɗaya ba. Shekara tara da suka wuce, Lahadi da la'asar, a lambun otal ɗin nan da ke kallon tashar masunta. Shekarata huɗu da binne mijina, na zo da tulin takardun jarrabawa da jan biro, don gidan ya yi mini shiru da yawa. Na zauna a teburin da ya fi kusa da ku ne saboda nan inuwa take, ba don kiɗanku ba. Ina ɗaure da shuɗin ɗankwalina mai tsuntsaye ruwan ɗorawa. Kuna tsakiyar waƙa aka ɗauke wuta. Mutane suka yi "Ooo!" irin wanda muka saba. Mai molon lantarki ya harɗe hannu, mai ganga ya ajiye sanduna ya nemi abin sha. Kai kuwa idonka a rufe, ba ka ma san an yi ba. Yatsunka suka ci gaba, jar ta ci gaba, ƙasa-ƙasa, siririyar murya kamar ta mai yi wa jariri waƙa a ɗaki na gaba. Duk lambun babu wanda ya ji sai ni.

Na ce, "Bra, an ɗauke wuta fa."

Ka buɗe ido ɗaya ka ce, "Ba a ɗauke wa wannan ba. Maame, matso da kujerarki, yau ke kaɗai ce taron."

Na matso. Wayyo ni, na matso! Kwale-kwale na shigowa da tutocinsu, shaho na kewaya hayaƙin masu banda, rana na narkewa a ruwa kamar manja a tukunya, ni kuma mace mai shekara arba'in, mai tabarau, mai suna a makaranta cewa ba ta dariya, na zauna ina jin wani abu da na daɗe da yi wa jana'iza yana miƙa a ƙirjina. A ranar wata yarinya da ba ta iya raba jimla biyu ba ta ci maki tamanin a hannuna. Har yau ba ta san kai ne ka ci mata ba.

Wannan muryar ce na aura tun kafin kawuna ya karɓi kwalabenka. Muryar da ba ta jiran a ba ta wuta.

Sai ga jana'izar Maame Kakraba, shugabar masu sayar da kifi, Asabar ɗin da ta wuce waccan. Rumfuna ja da baƙi tun daga bakin kasuwa har coci, lasifika an jera su sun fi motar katako tsawo, kai kuma an ce ranar ce Arhin zai gwada ka. Na ga lokacin da ya je da kansa ya murɗa ƙarar lasifikan. Ka ɗaga jar, ka juya wajen bangon lasifikan nan, sai ta saki ihu. Ba kuka ba, ihu, mai huda kunne, mai tashi yana ƙara tashi. Na san dalili yanzu: ƙarar ce ke shiga kogonta, ta girgiza katakon, katakon ya girgiza tsirkiya, tsirkiya ta mayar wa lasifika, lasifika ta sake turo mata, abu ya yi ta zagaye ba mai tsayar da shi. Amma a ranar ba wanda ya tsaya neman dalili. Karnuka suka watse. Fasto ya saki tabarau. Wata tsohuwa a bayana ta dafa ƙirji ta ce, "Kakraba ce! Na rantse Kakraba ce! Ko a cikin akwati sai ta yi faɗa a kan farashi!" Mata suka fashe da dariya cikin baƙaƙen zannuwansu har da riƙe ciki.

Kai ba ka yi dariya ba. Na ga wuyanka ya jiƙe.

Da aka tashi, Arhin ya zo yana goge ƙeya da hankici, cikinsa na gaba yana biye, ya ce, "Bra Fiifi, wannan jitar taka irin matar nan ce mai mayar wa miji magana a gaban baƙi. Ko ka toshe mata baki, ko ka bar ta a gida." Yana faɗa yana kallona, har da ɗaga gira.

Na ce, "Mista Arhin, mai mayar da magana ai saurara take yi. Taka ko faɗuwa ka yi a gabanta ka mutu, ba za ta ce sannu ba."

Ya yi dariya ya ce, "Madam Tica, a jirgi ba a biyan mu don a ce mana sannu."

Na jira ka ce wani abu. Ka sunkuya kana naɗe waya. Tsawon wayar nan, Fiifi! Ban taɓa sanin waya na da tsawo haka ba sai ranar.

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba shi ne na ranar Alhamis. Na taso daga makaranta, na biya na sayo maka dokunu da soyayyen kifi da yajin da kake so, na turo ƙofa, na same ka zaune a ƙasa da almakashi. Jar tana kwance a cinyarka. A gefenka ga shuɗin ƙyalle an yanka shi siri-siri, ga rabin tsuntsu a nan, ga fiffike a can, kana tura su ɗaya bayan ɗaya cikin tsagar ƙirjinta da bakin cokali. Na san makaɗa na yin haka. Na san wasu soso suke cusawa, wasu tsumma, don kogon ya daina amsa wa lasifika. Amma duk tsummokaran Sekondi, duk soson katifar da ke kasuwa, ba ka ga abin yankawa ba sai ɗankwalin da na bari a ɗakinka shekara tara, wanda ka ce kana ajiye da shi don ranar farko?

Ka ɗago kana murmushi kamar wanda ya gano maganin mutuwa, ka ce, "Ewura, kin gani? Yanzu Arhin ba shi da ta cewa. Zan tafi da ita, kuma ke ma kina ciki. Duk inda na je kina tare da ni."

Ina ciki! A yanke, a dunƙule, an tura ni da cokali don in hana wata magana! Haka kake so ka tafi da ni, ya sanyin idona? Wannan ce soyayyar da ka tanadar mini ta shekara uku, in zama abin toshe baki? Na karanta labaran maza da suka yi wa mata wulaƙanci iri-iri, da takobi, da alƙalami, da shiru, amma ban taɓa cin karo da wanda ya yi da almakashi yana jiran a gode masa ba.

Kuma ka kaɗa ta a gabana. Ka ji abin da na ji, kada ka ce ba ka ji ba. Ihun ya tafi, gaskiya ne. Ɗumin ma ya tafi. Ta koma kamar mai magana da tuwo cike da baki. Ka zare waya don ka nuna mini har yanzu tana nan, sai muka ji ƙis-ƙis. Ka yi sauri ka mayar da wayar.

Jiya da safe, da ka tafi gwaji wurin Arhin da baƙar a kafaɗa, na buɗe ɗakinka da makullina na ɗauki jar na kai wa Egya Bentsil, tsohon nan mai gyaran kayan kiɗa a bayan tashar jirgin ƙasa. Ya ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Wa ya yi wa yarinyar nan ɗure?" Na ce mai ita. Ya girgiza kai ya ce, "'Yata, na gaya wa yaran nan har na gaji. Ka toshe mai kogo, ba ta zama waccan ba, ta dai daina zama kanta. Ki ce wa Fiifi in jirgi yake so ya ɗauki ta jirgi, ya bar baiwar Allah ta huta." Ya nemi wata lanƙwasasshiyar waya zai fara ciro su, na ce a'a, ni zan yi. Na zauna a kan bencinsa da ƙugiyar kwarashina, tun hantsi har rana ta take tsaka, ina zaro kaina daga cikin jitarka. Guda ashirin da uku. Da na zaro na ƙarshe, Egya ya ja babban yatsa a kan tsirkiyoyin, ba waya ba komai, sai shagon ya cika da muryarta. Tsohon ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba, don ya ba ni wuri in share fuska.

Na mayar da ita inda na ɗauke ta. Za ta sake ihu a gaban lasifikan Arhin, kuma na yi hakan da gangan. Na rushe maka hanyar tsakiya, masoyi. Ba za ka tafi ka ce ka zauna ba. Ba za ka bar ni ka ce ka ɗauke ni ba.

Yanzu bari in sauke fushin in faɗi abin da ke ƙarƙashinsa, ko da yake ya fi shi ciwo. Na san abin da nake roƙonka ka zaɓa ƙarami ne. Lambun otal mai teburi goma sha biyu. Ƙungiyar coci da ba ta san inda waƙa ke ƙarewa ba. Bikin suna, bikin aure, jana'izar wanda 'ya'yansa ba su da ƙarfin hayar manyan lasifika. Da ni, mace mai furfura a gefen kunne da harshe kamar reza. Shekararka hamsin da huɗu. Ina ganin yadda kake murza yatsunka da safe idan an kwana ana ruwa, kana ɓoyewa kada in gani. Tun kana yaro kake kallon jirage na wucewa ta bayan tashar Takoradi, kuma ba wanda ya taɓa kiranka sai yanzu. Ba za a sake kira ba. Na sani. Da ban sani ba da na fi samun sauƙi, da na tsane ka kawai na huta.

Amma ka faɗa mini, wa ya tafi ya dawo? Mai gangar da kuka fara tare ya ce shekara biyu, yau sha bakwai, sai hoto yake aikowa cikin rigar sanyi, fuskarsa ta kumbura kamar burodi. Mai kakakin da ya bi shi, akwatin gawarsa ne ya sauka a filin jirgi. A can wa zai matso da kujera? Za ka tsaya a bayan mawaƙi cikin farar kwat, kana kaɗa wa masu cin abinci waƙoƙin da ba naka ba, da ƙarfin da zai rufe ƙarar cokula, kuma ba za a taɓa ɗauke wuta ba, ko sau ɗaya, balle wani ya ji ainihin muryarka.

Zauna, Fiifi. Zauna, ruwan sanyina, tauraron asubahina, ƙamshin ƙasa bayan yayyafi. Zauna in ci gaba da gyara maka magana a gaban mutane kana jin haushi. Zauna mu tsufa muna gardama a kan gishirin miya. Zan dinga zuwa lambun nan kowace Lahadi in zauna a teburin gaba har ranar da yatsunka za su ƙi, in sun ƙi kuma in riƙe su. Me teku zai ba ka da zai riƙe maka hannu?

Ga shi na roƙa. Ban taɓa roƙon namiji ba, kuma ka lura ko yanzu ban yi shi a gabanka ba.

Don na riga na san amsar. Ba daga bakinka na ji ba, bakinka bai da wannan ƙarfin halin. A jikin maɗauri na gani. Maɗaurin kafaɗar nan da na saka maka da hannuna, mai ja da kore, wanda ya shekara bakwai a jikin jar har ya ɗauki shatin kafaɗarka. Jiya da na je ɗaukarta babu shi. Na duba ƙasan gado, na duba bayan ƙofa. Sai da ka dawo da yamma na gan shi a jikin baƙar, har ka rage masa tsawo don ya dace da nauyinta. Kana ta ce mini ba ka yanke shawara ba, alhali kafaɗarka ta yanke tun tuni.

Na sha gaya wa ɗalibaina cewa matan cikin littattafai da ke tsayawa a bakin teku suna jiran jirgi ba su da aikin yi ne. Na sha ba su dariya da wannan. Gobe zan shiga aji in sake faɗa, da murya mai ƙarfi, kuma idan aka tashi zan bi ta hanyar tasha kamar kullum, in ce wa kaina kifi na je dubawa.

Saura abu ɗaya. Wannan takarda ba zan ba ka ita a hannu ba, ba kuma zan tura ta ƙarƙashin ƙofa ba. Ba na son mijin da ya zauna don an yi masa kuka, ya shekara ashirin yana kallon teku ta saman kaina. Zan sa ta a akwatin baƙar, cikin ɗan aljihun nan na ƙarƙashin wuya inda kake ajiye sababbin tsirkiyoyi, wanda ba ka buɗewa sai wata ta tsinke. Idan Talata ta wuce kana Sekondi, zan zo in zare ta kafin ka mayar wa Arhin kayansa, in hura wutar shayi da ita, ka mutu ba ka san na taɓa kiranka wawa a rubuce ba.

Idan kuwa kana karanta wannan layin, to siririyar tsirkiyar ce ta tsinke, kamar yadda take yi maka duk satin farko na sabon aiki don ba ka iya sassauta hannu idan kana tsoro. Kana wani ɗaki mara taga, ƙasa na motsi a ƙarƙashinka, kuma ni na yi daidai. Ban taɓa ƙin yin daidai kamar yau ba.

Zuwa lokacin na ɗauko jar, tana wurina. Na rataye ta a bangon ɗakina kusa da taga. Ban iya kaɗa ta ba, ba zan kuma bar kowa ya taɓa ba. Egya Bentsil ya ce idan aka yi magana da ƙarfi kusa da mai kogo, tsirkiyoyinta kan amsa da kansu, ƙasa-ƙasa. Ka san ni da magana da ƙarfi. Ba za mu rasa abin tattaunawa ba, ni da ita, kuma namanka za mu dinga ci.

Ƙyallen da na naɗe takardar nan da shi ɗaya ne daga cikin ashirin da ukun, mai cikakken tsuntsu guda. Ba na toshe komai ba ne. Ka dinga goge tsirkiyoyi da shi bayan kowane kiɗa, iskar gishiri na sa su tsatsa. Ka shafa man kaɗanya a yatsunka da safe. Sauran ashirin da biyun zan ɗinke su, ko da tsuntsayen ba za su sake haɗuwa daidai ba, in ɗaura ranar Lahadi.

Kawuna zai tambaye ni ko a mayar maka da kwalabenka. Zan ce a bar su inda suke.

Taka, da wuta da babu wuta, har ranar da za a jera mini nawa rumfunan ja da baƙi,

Ewurasi